Layi Na Takwas

Akwai wani injiniyan sauti da nake so in ba ku labarinsa yau, jama'ar wannan shafi. A wani babban ɗakin taro yake aiki, irin wanda ake haya don lacca da walima da yaye ɗalibai.

Abokan aikinsa Zomo suke ce masa, saboda kunne. Bawan Allahn nan ko waya ce ta ɗan kwance a can ƙarshen ɗaki, kafin kowa ya lura shi har ya yatsine fuska. Matarsa takan ce a gidansu ko firij ba shi da 'yancin yin ƙara.

Aiki kam ya iya, babu mai ja. Sai dai shi ma ya san ya iya, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Wurin zamansa wani ɗan ɗaki ne mai gilashi a can bayan kujeru. A gabansa akwai miksa, wato teburin nan mai maɓallai da ke haɗa muryoyi. A ƙarƙashinta kuma akwai wani baƙin akwati, siriri, wanda ba ya ɗaukar idon kowa.

Aikin akwatin nan raba sauti. Waya ɗaya ce ke shigo masa daga miksa, shi kuma ya fitar da sautin ta kafofi takwas. Wata kafa ta tafi manyan lasifikoki, wata ta tafi na harabar waje, wata na'urar ɗaukar murya, wata kuma 'yan jarida idan sun zo.

Tsohon da ya koya masa aiki yakan shafa akwatin ya ce, "Ka ga wannan? Ba yanka sautin yake yi ya ba kowa guntu ba. Kowace kafa cikakke take samu, kuma na wancan bai rage na wannan ba."

Ranar da tsohon zai bar aiki, ya miƙa masa mukullai ya ce, "Zomo, canza duk abin da ka ga dama. Layi na takwas dai ka bar min shi."

Layi na takwas doguwar waya ce. Ta bi silin, ta huda bango, ta tsallaka katanga zuwa wani ƙaramin asibiti da ke maƙwabtaka da ɗakin taron. Zomo ya san da haka, amma bai taɓa leƙawa ba. A ganinsa shirmen tsofaffi ne, wa zai kwanta da ciwo yana sauraron lacca?

To, Zomo yana da wata ɗabi'a da yake ɓoyewa.

Kullum da safe, kafin kowa ya iso, yakan kunna kayansa. Ƙananan fitilu kore su fara ƙyaftawa ɗaya bayan ɗaya. Hasken rana ya shigo ta dogayen tagogi ya kwanta a kan kujerun da babu kowa a kansu. Sai ya hau dandamali ya ƙwanƙwasa makirfo ya ce, "Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu."

Daga nan sai ya waiga hagu da dama. In ya tabbatar shi kaɗai ne, sai mutumin nan mai ɗaure fuska ya rufe ido ya yi ta rera wani ɗan sauti a hanci, wanda yake yi wa 'yarsa tana jaririya. Ya tsaya yana jin muryarsa tana zagaya ɗakin tana dawo masa a hankali.

'Yar tasa, Auta suke ce mata, ta taso da i'ina. A makaranta in aka ce ta tashi ta yi karatu, kalma sai ta maƙale mata a wuya har yara su fashe da dariya. Shi ya sa duk ƙarshen mako yakan zo da ita ɗakin taron, ya tsayar da ita gaban makirfo.

"Yi maganarki, Auta," yakan ce. "Babu mai jin ki sai ni da kujeru."

Ana nan ana nan, wata safiya ya kunna kaya sai ya ji wani siririn ƙugi a cikin lasifikoki, zuuu, kamar sauro a cikin kwalba. Mai shara bai ji ba, mai gadi bai ji ba. Zomo kuwa ji ya yi kamar ana goga masa ƙarfe a haƙori.

Ya durƙusa gaban akwatin ya dinga zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya zare ta farko, ƙugi na nan. Ya zare ta biyu, yana nan. Da ya zare ta takwas sai ɗakin ya yi tsit.

Nan take ya gane abin da ya faru. An sake aikin lantarki a asibitin, wayar lantarkinsu da ke shiga cikin ƙasa da ta ɗakin taro ba su daidaita ba, sai doguwar wayar nan ta zama gadar da ƙugi ke bi ya shigo.

Manaja ya leƙo ya ce, "Injiniya, ka gano?"

"Na gano, Yallaɓai. Wayar asibitin nan ce."

"To me kake jira? Muna da manyan baƙi. Cire ta."

"Ai har na cire."

Ya naɗe bakin wayar ya tura shi bayan tebur. Maganar tsohon da ya koya masa aiki ta ɗan taɓa masa zuciya, amma da ya saurari shirun ɗakin, tas babu ko ɗigon ƙara, sai daɗi ya rufe shi. Ranar har yabonsa baƙi suka yi.

Bayan 'yan kwanaki wata nas daga asibitin ta hauro ɗakin gilashi, babbar mace mai fara'a. Ta gaishe shi ta ce, "Malam, akwatinmu ya yi shiru. Ko wani abu ne ya lalace?"

Bai ko ɗago kai daga miksa ba. "Ba abin da ya lalace. Ni na cire. Nan wurin aiki ne, Sista, ba gidan rediyo ba."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, "To shi ke nan. Amma don Allah ka zo ka ɗauke lasifikar daga bango. Tana nan suna ta kallonta, ni kuma na gaji da ce musu gobe."

Da la'asar ya ɗauki sukudireba ya zagaya asibitin, a ransa aikin minti kaɗan ne.

Ɗakin mata masu doguwar jinya ne. Fararen labulaye suna kaɗawa a hankali, fanka tana juyawa kamar ba ta so. Rana ta yi laushi ta zuba a kan gadaje, komai na ɗakin kamar a cikin ruwa yake motsi. Can sama da ƙofa ga wata tsohuwar lasifika, an goge ta tas, har an ɗora mata ɗan kyalle mai ado.

Ya yi sallama ya ce, "Sannunku da jiki. Sista, ina zan samu kujerar takawa?"

Wata tsohuwa da ke gadon kusa da taga ta juyo da kai. Idanunta sun yi fari, da gani ba ta gani sosai.

"Sake magana, ɗan nan."

"Na'am, Iya?"

Sai fuskarta ta washe. Ta ɗaga hannu tana kiran sauran. "Ku tashi, ga Ɗaya-biyu ya zo da kansa."

Ɗakin ya ɗauki 'yar dariya. Wata ta gyara ɗankwali, wata ta yunƙura ta jingina da filo don ta gan shi da kyau. Wata ta ce ita ta ɗauka dogo ne. Zomo ya tsaya da sukudireba a hannu, ya rasa inda zai sa kansa.

"Kai ne agogonmu," in ji tsohuwar. "In muka ji ɗaya, biyu, mun san mun ga wata safiyar. Sannan ka yi mana 'yar waƙar nan taka ta hanci. Muryar dai sai a hankali, amma mun saba."

Wallahi da ƙasa za ta buɗe da ya shige.

Ta nuna masa bakin gado, ya zauna. Ta ce, "Ni ban taɓa shiga ɗakin naku ba, amma na san shi. Akwai ƙofa ta hagu mai kuka. Akwai mai gidanku da ke gyaran murya kafin ya yi ƙarya. In an fara taro sai in rufe ido, in ji gadon nan ya tashi da ni. In bi ta cikin 'yar wayar nan, in tsallake katanga, in sauka a kujerar gaba. In an yi tafi in yi, in an yi dariya in yi. Har ƙanshin turaren mutane nakan ji. Sai an tashi in dawo in tarar da ƙafafuna inda na bar su."

Sannan ta matso da kai wajensa ta ce:

"Yarinyar nan mai i'ina fa, taka ce?"

Ya ce, "Tawa ce, Iya."

"Allah ya raya ta. Duk ranar da ta zo, ko tari ba ma yi. In kalma ta maƙale mata, mu ma nan numfashinmu maƙalewa yake. Ran nan da ta kai ƙarshen karatunta ba ta tsaya ba, tafi muka yi mata har Sista ta shigo da gudu. Ina take? Kwana biyu ba mu ji ta ba."

Zomo ya sunkuyar da kai. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, da tausayi mai nauyi. Ya sa sukudirebar a aljihu a hankali don kada ta ji ƙararta.

A bakin ƙofa nas ta gaya masa cewa matar tsohon da ya koya masa aiki a ɗakin nan ta yi jinyarta ta ƙarshe. Don ita tsohon ya ja wayar, ta riƙa jin yana aiki. Bayan ta rasu bai cire ba.

Washegari Zomo ya sami Manaja ya ce zai mayar da layi na takwas.

"Da ƙugin?" in ji Manaja.

"Ba da ƙugin ba, Yallaɓai. Akwai gyara, ni ne na bi hanya mai sauƙi."

"Kai ka sani. Amma ranar da na ji zuuu a taro, ni da kai ne."

Gyaran wata 'yar taransifoma ce da ba ta fi akwatin ashana biyu ba. A cikinta wayoyi biyu ne a nannaɗe, kusa da juna amma ba su taɓa juna ba. Sauti ya tsallaka daga wannan zuwa waccan, ƙugi kuma ya rasa gadar bi.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Ya yi ta yawo a shagunan kayan lantarki. Wadda ya fara samu ta kashe ƙugin, amma ta mayar da murya kamar ana magana da bargo a baki. Mutumin da ake kira Zomo ba zai kai wa marasa lafiya wannan ba. Ya mayar, ya ci gaba da nema har ya dace. Ranakun hutunsa duk a cikin silin suka ƙare, yana bin tsohuwar waya yana canza inda ɓera ya ci.

Matarsa ta ce, "Baban Auta, wai asibitin nan sun ɗauke ka aiki ne ban sani ba?"

Ya ce, "Ke dai ki zuba min ruwan wanka."

Safiyar da ya mayar da wayar, fitilar kafa ta takwas ta kawo kore. Ya saurara, babu ƙugi. Ya hau dandamali ya ce, "Ɗaya, biyu." Sannan ya ƙara da cewa, "Ina kwananku. Ya jiki?"

Da ya zagaya ya ji ko sautin ya fita, tsohuwar ta kama hannunsa ta yi ta sa masa albarka. Sannan ta ce, "Saura maza. Su ta bango suke tsintar abin da ya zubo daga namu, kamar daga cikin tulu. Ba za a sam musu ba? Ko in an ba su namu zai ragu?"

Ya yi murmushi, don maganar tsohon da ya koya masa aiki ce ta dawo masa. "Ba zai ragu ba, Iya. Kowa cikakke zai samu."

Yana da wani ƙaramin akwatin raba sauti a gida, mai kafa biyu, wanda ya daɗe a ajiye. Ya kawo shi ya kafa a barandar asibitin. Kafa ɗaya ta tafi ɗakin mata, ɗaya ta tafi ɗakin maza. Ya hau kujera da kansa ya rataya musu lasifika a saman gadon da ke kusa da ƙofa.

Lokaci ya ja. Auta ta zo ƙarshen makaranta, kuma ku ji ikon Allah, ita aka zaɓa ta yi jawabi a madadin ɗalibai. A ɗakin taron babanta za a yi bikin.

Daren da aka gaya mata ba ta iya cin abinci ba. Ta ce, "Baba, in na ma-maƙale fa?"

Ya ce, "Ni zan saita miki makirfo da hannuna. Ki kalli gilashi kawai, ina ciki. Ni da kujeru ne, kamar kullum."

Ana saura 'yan kwanaki, yana kan tsani yana gyara wata lasifika, tsanin ya zame. Ya faɗo a kan ƙugunsa. Aka kwashe shi zuwa asibiti mafi kusa, wato na bayan katanga. Likita ya ce karaya ce, kuma ko zama ba zai yi ba sai bayan makonni.

Da ya farfaɗo daga allurar barci ya buɗe ido, abin da ya fara gani a saman kansa lasifikar nan ce da ya rataya da hannunsa.

Ranar bikin aka ɗauko wani injiniya daga waje ya riƙe miksa. Matarsa ta so ta zauna da shi, ya ce ta tafi, kada yarinya ta duba ta rasa su duka biyu.

Maza suka yi shiri tun da hantsi. Wani ya sa aka juya masa gado. Wani dattijo mai ciwon ƙirji ya sa hularsa, wai ba a zuwa taro kai babu hula. Kowa ya san yau 'yar Ɗaya-biyu ce za ta yi magana.

Da farko sun ji komai. Ana jan kujeru, ƙofar hagu tana kuka, yara suna ta surutu. Zomo ya rufe ido, sai ya ji abin da tsohuwar ta faɗa. Gadon ya yi sauƙi. Ga dogayen tagogi, ga haske a kan kujeru, ga ƙananan fitilu kore.

Sai lasifikar ta yi ƙas, ta ɗauke.

Aka jira. Shiru. Dattijon mai hula ya ce, "Ko wuta ce?" Amma fanka tana juyawa.

Zomo bai tambayi kowa ba, ya san wannan ƙarar. Ƙarar zare waya ce. Wani ya zo da kyamara yana neman kafa, baƙon injiniya ya duba ya ga duk a cike, ya ga wata tsohuwar waya da bai san inda ta nufa ba, ya zare. Bai ma iya jin haushinsa ba, don shi ma haka ya yi.

Ya yunƙura zai tashi, ciwo ya mayar da shi. Ta can bayan katanga yana jiyo tafi sama-sama, bai san wa ake yi wa ba. Ya kwanta yana kallon akwatin da ba ya magana, kamar yadda matan nan suka yi ta kallon nasu. Hawaye suka gangaro masa har cikin kunne. 'Yarsa za ta duba gilashi ta ga baƙuwar fuska, shi kuma ko numfashinta ba zai ji ba.

Lokaci ya yi ta tafiya. Dattijon ya cire hularsa ya ɗora a ƙirji.

Can sai lasifikar ta sake yin ƙas. Hayaniyar ɗakin taro ta cika ɗakin jinya. Aka ji takun ƙafa a kan dandamali, aka ƙwanƙwasa makirfo sau biyu, sannan wata siririyar murya ta ce:

"Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu. Baba, kana ji na?"

A can ɗakin taro mutane suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne. A nan kuwa Zomo ya buɗe baki ya ce, "Ina jin ki, Auta," kamar tana gabansa. Ta bango aka jiyo mata suna tafi.

Ta fara jawabinta. A tsakiya wata kalma ta maƙale mata. Ɗakin maza ya yi tsit, na mata ya yi tsit, babu mai ko motsi. Ta ja numfashi, kalmar ta fito, ta wuce. Ba ta sake tsayawa ba har ƙarshe.

Da yamma matarsa ta ba shi labari. Ashe da aka kira sunan Auta, kafin ta hau sai ta bi ta ɗakin gilashi, ta ga fitilar kafa ta takwas a mace, layin da ya gaya mata ta nan zai ji ta daga asibiti. Ta tsaya ta ce ba za ta yi magana ba sai an mayar. Baƙon injiniya ya fara faɗa. Manaja da kansa ya hauro ya ce, "Mai kyamara ya nemi wata hanya. Wannan layin ba a taɓa shi a gidan nan."

Suna cikin haka nas ta shigo tana murmushi, ta ce tsohuwar ɗakin mata ta aiko ta da saƙo.

"Ta ce in gaya wa Ɗaya-biyu, yau ta ajiye masa kujera kusa da tata a layin gaba, ko ya gan ta?"

Zomo ya share ido da bakin zanin gado. Ya ce, "Ki ce mata na gan ta."

Darasi: Alherin da ka raba ba ya rage naka, kuma ba ka san ranar da kai ne za ka kwanta a ƙarshen wayar da ka ja wa wani ba. In abin da ke haɗa ka da mai rauni ya fara damunka, ka yi haƙuri ka gyara shi, kada ka yanke. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wanda hannunsa ke kan wata waya yanzu haka yana shirin zarewa.